Yadda ake shiga aikin binciken kayan tarihi a Sudan, daga ajin sanawiyya har cikin ramin tono

Duk ranar da na sauka gida Mai Wurno, kafin ma in ajiye jaka sai wani ya jefo min tambayar nan, "to malam ina namu kason na zinarin?" Kawuna kuwa har yau bai haƙura ba, cewa yake an kashe kuɗi an kai yaro jami'a a Khartum ƙarshenta ya dawo yana haƙar rami kamar mai ginin rijiya. Dariya kawai nake yi. Amma a 'yan watannin nan yara uku daban-daban, maza biyu da mace ɗaya, sun tare ni da maganar da gaske, suna son sanin ta ina ake shiga harkar asar, wato binciken kayan mutanen dā da ke ƙarƙashin ƙasa, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa akiyoloji. Na gaji da bayani ta waya sabis yana ɗaukewa ana cewa "alo alo", shi yasa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Abu na farko, tun kafin maganar makaranta, ka cire taska daga ranka. A 1834 wani Ba'italiye mai suna Ferlini, likita ne a rundunar soja, ya je Bajarawiyya kusa da Shandi inda dalolin sarakunan Marawi ta dā suke (kar ka haɗa ta da garin Marawi na wajen Karima inda aka yi madatsar ruwa, da Larabci sunan ɗaya ne amma tsakaninsu tafiya ce), ya dinga rushe kawunan dalolin yana neman zinari. Kuma ya samu, kayan adon sarauniya Amanishakheto ya kwasa, yanzu haka suna Jamus, wasu a Munik wasu a Balin. Shi ya samu kuɗinsa, mu kuma har gobe muna kallon daloli masu yankakken kai, kuma yawancin abin da ya rushe da wuya a san yadda yake a dā tunda bai bi tsari ya rubuta inda komai yake kwance ba. To wannan shi ne daidai kishiyar aikinmu. Mu ba kayan muke bi ba, wurin da kayan yake kwance muke bi, me ke samansa, me ke ƙasansa, me ke gefensa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, mu aikinmu shi ne mu gane wa ya yi jifan, yaushe, kuma daga ina.

Bari in ba ka misali ɗaya da nake so. A gabas, wajen Khashmul Girba ba nisa da Kasala inda danginmu suke da yawa, an tsinci tsingaro, fasassun tukwane kawai waɗanda in ka gan su a hanya da ƙafa za ka ture. Masu ginin tukwanen sun cuɗa yumɓunsu da ƙaiƙayin dawa, da aka gasa sai ƙaiƙayin ya ƙone ya bar shatinsa a jikin tukunyar. Daga wannan shatin aka gane cewa mutanen wurin sun fara noman dawa tun wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, yana cikin shaida mafi tsufa da ake da ita ta dawar gida a duniya. Dawar nan da muke tuwo da kisra da ita. In wannan labarin ya sa ka ji wani abu a ranka, toh ci gaba da karantawa. In kuma ka ji "shikenan? tsingaro?" gara ka nemi wani fannin tun da wuri, ba zagi ba ne.

Mataki na gaba yana cikin sanawiyya. Sashen asar a jami'o'inmu galibi yana ƙarƙashin kulliyar adab ne, don haka ɗan ɓangaren adabi hanyarsa a buɗe take, amma in kai ɗan ɓangaren ilmi ne, wato kimiyya, kar ka ɗauka ka yi asara, sinadarai da ilimin halittu da lissafi za su yi maka rana daga baya fiye da yadda kake tsammani. Ka riƙe tarihi da jugrafiya da kyau. Sannan Turanci, Turanci, Turanci. Na san da yawanmu Larabci muka iya kamar ruwa, ga Hausa a gida, Turanci kuwa sai na cin jarrabawa, amma yawancin rahotannin tonon da aka yi a ƙasar nan da Turanci aka buga su, wasu da Faransanci da Jamusanci, kuma Baturen da za ka yi aiki da shi a fili da Turanci zai ce maka miƙo kaza. Kullum ka karanta ko shafi ɗaya ne. Akwai mujallar Sudan & Nubia da wata ƙungiyar masu bincike a Landan take fitarwa, tsofaffin fitowarta ana samu a intanet, ka sauke ɗaya ka zauna da ƙamus, ranar farko za ka ji kamar ka jefar da wayar, bayan wata biyu za ka ga kalmomin su ne dai suke ta dawowa.

In sakamakon shahada, jarrabawar gama sanawiyya, ya fito ka zo cike fom ɗin ƙabul na shiga jami'a, Jami'ar Khartum ita ce uwa a wannan fannin, yawancin manyan malaman ƙasar nan daga can suka fito. Akwai Jami'ar Nilain, akwai Bahri, akwai Shandi, akwai Jami'ar Dungula da ke da kulliyarta ta adab a Karima. Ni a ganina wanda ya yi karatu a Shandi ko Karima yana da wata riba da ɗan Khartum ba shi da ita, wato kusanci da manyan wuraren tarihi, domin ɗan Karima in ya fito daga aji Jabal Barkal na kallonsa, Nuri da Kurru suna nan kusa, ɗan Shandi kuma Bajarawiyya da Naga'a da Musawwarat duk a bakin ƙofarsa suke. Karatun shekara 4 ne, 5 in ka samu shiga ajin sharaf na masu sakamako mai kyau. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 komai ya hargitse, wasu jami'o'in sun koma karatu ta intanet, jarrabawa a wasu garuruwa, saboda haka kafin ka rubuta sunan jami'a a fom ka nemi ɗalibin da ke ciki a wannan shekarar ka tambaye shi halin da ake ciki, kar ka dogara da labarin bara.

A aji za a koya maka jerin zamunna, tun daga zamanin dutse, sai Karma (ba Karima ba) da babban gininta na tubalin laka da ake ce wa daffufa, sai Nabta lokacin da su Piye da Taharƙa suka mulki har Masar, sai Marawi, sai masarautun Kirista na Nubiya irin su Dungula tsohuwa da Soba, sai Funj na Sinnar da zamanin Musulunci. Ka haddace wannan jerin kamar yadda ka haddace ƙananan surori domin komai a kansa za a ɗora. Amma gaskiyar magana digiri kaɗai ba ya mai da mutum ɗan asar. Na ga masu sakamako mai kyau da aka miƙa musu mastarin, cokalin nan na magina, suka riƙe shi kamar ludayi.

Don haka mataki mafi muhimmanci shi ne ka shiga fili tun kana ɗalibi, ko ta halin ƙaƙa. Lokacin tono a ƙasar nan sanyi ne, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, domin bayan nan rana ba ta barin kowa ya tsuguna a rami. A lokacin zaman lafiya tawagogin waje, waɗanda muke ce wa bi'isa, suna zuwa duk shekara, 'yan Suwizalan a Karma, 'yan Folan a Dungula tsohuwa tun 1964, Jamusawa a Naga'a da Musawwarat, Faransawa a tsibirin Sai da Sadinga, Italiyawa a Kasala, ga kuma tonon da jami'o'inmu suke yi da kansu. Hanyar shiga ba ta da wani sirri. Ka zama yaron da malamin sashe ya san fuskarsa, wanda in an ce wa zai taya wanke tsingaro a sito ranar Alhamis da yamma shi ke ɗaga hannu, domin ranar da aka ce a ba da sunan ɗalibai biyu da za su bi tawaga, sunan da ke bakin malam shi zai fito. Ka kuma rubuta wa shugabannin tawaga imel da kanka, gajere, layi biyar ya isa, sunanka, ajinka, abin da ka iya, da cewa kana son koyo. Goma za su yi shiru ɗaya ya amsa. Kar ka fara da tambayar nawa ake biya.

Yanzu bari in kai ka cikin ramin, domin nan ne aikin yake. Kafin a taɓa ƙasa ana yin abin da muke kira mas-hi, a jeru a yi ta tafiya a hankali ido a ƙasa, ana duba inda tsingaro ya yi yawa, inda duwatsu suka taru ba bisa ɗabi'a ba, inda ƙasa ta yi tudu kamar kufai, a ɗauki lambar wurin da GPS. In an zaɓi inda za a tona sai a kafa ƙarfe guda a zuba masa siminti, daga shi za a dinga auna komai har a gama, ko bayan shekara 10 aka dawo. Sai a shata murabba'i da igiya da ƙusoshi, mita 5 a kan 5, ko ƙasa da haka. Ga dabarar da za ta fisshe ka kunya ranar farko, in kana son kusurwa ta miƙe daidai, auna mita 3 a wannan gefen, mita 4 a wancan, in tsakanin bakinsu ya ba ka mita 5 cif to kusurwarka ta yi, magina ma haka suke yi.

Sai a share yashin sama da turiya da guffa, wato fartanya da kwando, daga nan kuma sai hannu ya yi sanyi. Ƙasa hawa-hawa take, kamar yadda in an yanka tsohon juji za ka ga toka, ga dattin bara, ga na bariya. Dokar ita ce abin da ke sama ya fi na ƙasa sabunta, sai fa in wani ya haƙa rami daga baya ya cika shi, to wannan ramin sai ka gane bakinsa ka kwashe cikinsa daban kafin ka taɓa ƙasar da ya yanka, in ba haka ba za ka cakuɗa kayan jika da na kaka. Kana karce ƙasa da gefen mastarin kana jawowa wajenka, ba sara ake yi ba. Da zarar launi ya sauya, ko ka ji ƙarar mastarin ta canza, daga laushi ta koma ƙaras-ƙaras, tsaya. Sabon hawa ne. Kowane hawa lambarsa daban da takardarsa daban, za ka rubuta launinsa, taurinsa, abin da ke ciki, wanne ne a kansa wanne ne a ƙarƙashinsa. A share shi fes da buroshi, a ajiye sandar awo mai ja da fari da kibiyar da ke nuna arewa, a ɗauki hoto, a zana shi a takardar milimita, yawanci santimita 1 a madadin 20, a ɗauki zurfinsa da na'urar awo mai ƙafa uku, sannan ne fa za a cire shi. Duk ƙasar da ta fito sai ta bi ta gurbal, rariyar nan mai waya, a nan ake kama ƙananan duwatsun wuya da ƙashin kifi da ido ya tsallake. Kowace leda takarda biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, da alƙalamin da ba ya gogewa, domin leda maras lamba shara ce ko me ke cikinta.

In ka ci karo da gawayi a cikin murhu ko ƙarƙashin daɓe, kar ka sa hannu, ɗauke shi da bakin mastarin ka naɗe a takardar alminiyom, shi za a aika ɗakin gwaji a auna shekarunsa da kabon 14, wanda rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730, kuma gwajin yana aiki har zuwa wajen shekara 50,000. Gwajin da tsada, shi yasa ba a wasa da samfurin. In kuma ƙashi ne, ajiye ƙarfe ka ɗauko tsinke irin na tsire da ƙaramin buroshi, a yi masa inuwa don rana tana farfasa shi cikin awa guda.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin na koya. A fitata ta farko ina karce wani daɓe sai ga bakin tukunya, lafiyayye ba ko tsaga, wallahi zuciyata har bugawa take. Ban yi wata-wata ba na zagaye ta da yatsu na ciro, na ruga wajen shugabar tawagar ina murna kamar wanda ya tsinci dami a kala. Matar nan ko karɓa ba ta yi ba, cewa kawai ta yi "a ina take?" Muka koma, gefen ramin ya riga ya rufta, babu mai iya cewa an binne tukunyar ne a cikin daɓen ko kuwa tana nan tun kafin a yi daɓen, kuma bambancin wannan da wancan zai iya kai shekara ɗaruruwa. Rayis ɗinmu, wato shugaban leburori, wani dattijo ɗan ƙauyen da bai taɓa zama a aji ba amma ya fi shekara 30 yana wannan aikin, ya dafa kafaɗata ya ce "ɗana, ta yi shekara dubu biyu tana jiranka, da ka ƙara mata rabin awa ba za ta gudu ba." Tun daga ranar na maƙale masa. Kuma wannan shawara ce a gare ka, ka girmama rayis da leburori, ka ce musu ammi ka ce musu haj, ka ci ful da gurrasa da su lokacin fatur wajen ƙarfe 10, kar ka ware kanka wai kai ɗan jami'a. Idonsu yana ganin layin tubalin laka a cikin ƙasar da kai duk launi ɗaya kake gani.

Ana fita da asuba bayan salla, a tashi wajen ƙarfe 2, amma kar ka ɗauka an gama. Da yamma ne ake wanke tsingaro a shanya, a rubuta wa kowanne lamba, a ware baki daban gindi daban, a zana masu ado, a shigar da takardun ranar cikin kwamfuta. Wata ɗaya na tono yana haifar da watanni na rubutu, kuma tonon da ba a rubuta rahotonsa an buga ba, da shi da ɓarnar Ferlini tazararsu kaɗan ce.

Bayan fita biyu ko uku sai ka zaɓi abu guda ka ƙware a kai, nan ne abincinka yake. Masu iya riƙe mastarin suna da yawa, wanda ake nema da waya shi ne wanda ya iya wani abu na musamman. Tukwane, misali, mutumin da zai ɗaga tsingaro ya ce wannan na Karma ne wannan na ƙarshen Marawi, ba ya rasa tawaga. Ko ƙasusuwan mutane, ko na dabbobi, ko irin tsirrai, ko ƙira da narkar da tama, ai tsibin kashin maƙera da ke Marawi kaɗai ya ishi mutum aikin rayuwa. Ko gyaran kayan da suka lalace. Ko rubutun Marawi, mai haruffa 23, wanda Baturen Ingila Griffith ya gano yadda ake furta shi tun wajen 1911 amma har yanzu ba a gama fahimtar harshen ba, ana karantawa ba a jin duka ma'anar. Wanda ya fi sauƙin farawa daga ɗaki kuwa, ko kana gudun hijira a Gadarif ko Bur Sudan ko Alƙahira, shi ne taswira ta kwamfuta. Manhajar taswira mai suna QGIS kyauta ce, ka sauke, darussanta sun cika YouTube har da na Larabci, ka koyi ɗora wurare a kan hoton tauraron ɗan'adam, ka koyi haɗa hotuna da yawa su ba da siffar abu ta kowane gefe. Wannan ko ka bar asar gobe zai ciyar da kai a wajen kamfanonin hanya da ƙungiyoyin agaji.

Sai doka, kuma dan Allah ka karanta nan da kyau. Kayan tarihi a Sudan suna hannun hukumar asar da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda kowa ke ce wa hai'a kawai, kuma akwai dokar kare kayan tarihi ta 1999. Kayan na gwamnati ne, ko a gonarka suka fito, kuma babu mai tono sai da lasisin hai'a, digirinka ba lasisi ba ne. Kowace tawaga ana haɗa ta da mufattishi, wato mai sa ido daga hai'a, wanda zai zauna da su har su gama, kuma wannan kujerar ta mufattishi ita ce ƙofar da yawancinmu muka bi bayan kammala jami'a da hidimar ƙasa. Jarrabawar da za ka gamu da ita kuwa ba ta takarda ba ce. Ranar da masu neman zinari suka ji kai ɗan asar ne za su zo maka da fara'a, ga jihaz ɗinsu na gano ƙarfe mai ƙara, kai dai nuna mana wuri a raba uku. Ka tuna Jabal Maraga a saharar Bayuda, wuri ne na zamanin Marawi, a 2020 masu neman zinari suka shiga da motocin haƙa suka yi rami mai zurfin mita 17, kusan babu abin da ya saura. Sau ɗaya sunanka ya fita a irin wannan, ka gama aiki a fannin nan, domin mu 'yan kaɗan ne kowa ya san kowa.

Maganar kuɗi ba zan yi maka ƙarya ba, albashin gwamnati ba ya kai wata, abin da ke ɗan ɗaga mutum shi ne alawus na lokacin tono, shi kuma na 'yan watanni ne. Ayyuka sukan buɗe ne in an zo babban gini, kamar yadda aka yi ta tonon ceto a yankin shallal na huɗu, inda Nilu ke ratsa duwatsu, kafin a buɗe madatsar Marawi a 2009, ko lokacin da Ƙatar ta zuba kuɗi a tawagogi masu yawa. Yanzu kuwa yaƙi ya tsayar da yawancin tono, gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum, wanda aka buɗe a 1971, an wawashe shi, wasu gidajen tarihin ma haka. Abin baƙin ciki ne amma aikin da ke gaba ya ƙaru ne bai ragu ba, lissafa abin da aka sace, bin sawunsa a kasuwannin waje, ɗaukar hoton ɓarna, gyara, mai da tsofaffin rajista cikin kwamfuta. Wanda ya shirya kansa yanzu shi za a kira.

Digiri na biyu kusan dole ne in kana son koyarwa ko ka jagoranci tono naka. Ka rubuta shafi biyu a kan tambaya guda ƙarama da kake son amsawa, ka aika wa malamin da ka taɓa aiki a ƙarƙashinsa, ka ci jarrabawar Turanci ta IELTS, ka nemi tallafin DAAD na Jamus ko Chevening na Ingila, shi na biyun sai kana da shekara 2 na aiki. Masu dangi a Makka da Jidda da Madina kuma ku duba can, Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad tana da tsohon sashen asar, marigayi Abdurrahman al-Ansari da ya tono Ƙaryatul Faw daga can yake, kuma tun da aka kafa hukumar Al'ula a 2017 bincike ya ƙaru a yankin Hijir, wato Mada'in Salih. Kujerun gwamnati 'yan ƙasa ake fara ba wa, baƙo yakan shiga ne ta kamfani ko tawaga, shi ma sai da sana'a a hannu, ka ga mun dawo kan maganar ƙwarewa.

Iyaye fa? Za su ce tonon kabari ne, za su ce gumaka. Kar ka yi musu gardamar ɗan boko. Ka zauna ka faɗa wa Baba cewa maƙabartar Musulmi ba a taɓa ta, gubbar shehunnai, wato hubbarensu, daga waje ake aunawa a rubuta don kar ta rushe a manta, kuma yawancin kwanakin aikin a kan gidaje da murhu da rijiyoyi da tukwane suke ƙarewa. In da hali kai shi ya ga wuri da idonsa, gani ya kori ji. Ke kuma ƙanwata da kike tambaya ko mace na iyawa, Farfesa Intisar Sagairun 'yar asar ce daga Jami'ar Khartum, har ministar ilimi mai zurfi ta zama a 2019, kuma a tawagogin da na bi mata ba su taɓa zama 'yan rakiya ba. Abin da za ki tambaya tun kafin tafiya shi ne masauki, wace mace ce a tawagar, a ba Mama lambarta hankalinta ya kwanta.

Akwai kuma abin da mu muke da shi wanda sauran ɗalibai ba su da shi, kuma yana ba ni haushi yadda muke raina shi. Garinmu kansa tarihi ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a har bakin Shuɗin Nilu, yau garin ya haura shekara 100. Ga hanyar alhazan ƙafa, daga ƙasar Hausa da Barno ta Chadi, Jinaina, Fashir, Ubayyid har Sawakin, da zangunansu da rijiyoyinsu. Ga Jabal Moya nan kusa da Sinnar inda Henry Wellcome ya tono kaburbura wajen 3,000 tsakanin 1910 da 1914. Wanda zai zauna gaban tsohuwa 'yar shekara 90 ta ba shi labarin inda kakanta ya fara kafa bukka, da Hausa, ya kuma karanta takardar ajami da ke cikin gafakarta, ba Bature ba ne ba kuma ɗan Shandi ba ne, kai ne. Wannan ba ya buƙatar lasisi tunda ba tono za ka yi ba. Ɗauki waya ka nemi izininta ka naɗi muryarta, ka rubuta rana da wuri, ka je wajen masu ginin tukwane ka kalli yadda suke cuɗa yumɓu da abin da suke zuba masa, ka ɗauki lambar tsohuwar rijiya da GPS ɗin wayarka. Littafi guda cike da irin wannan ya fi kowace takardar neman aiki magana a gaban malami.

In Allah ya sa an kira ka fita ta farko, ga abin da za ka zuba a jaka. Mastarin naka na kanka, ƙarami, ka rubuta sunanka a ƙotar don ana ɗauke wa juna. Tef na mita 5, fensir da abin gogewa, littafi mai bango mai tauri, rawani ko malafa, takalmi rufaffe saboda kunama, kuma kullum da safe ka zazzage shi kafin ka sa ƙafa. Rigar sanyi mai kauri, kar ka ce ai Sudan ce, asubar Janairu a arewa a bayan motar boksi sai ka ji haƙoranka na haɗuwa. In kuma wajen Karma ko Sai aka tura ka kuma aikin zai kai Fabrairu, nemi ragar nan da ake rufe fuska da ita tun daga gari, saboda nimitti, ƙananan ƙudajen bakin Nilu masu shiga hanci da kunne, a ƙauyen in sun taso ko da kuɗinka ba lallai ka samu ta saya ba.